Maigida da Yaronsa Mai Shan Ƙwaya

Da yawa cikinmu muna da masu aiki a ƙarƙashinmu: direba, ko yaron mota, ko lebura a wurin gini. Ina abin da za mu yi sa'an da muka gane ɗayansu ya kamu da shan ƙwaya?

Bari mu fara da tambayar kanmu. Yawancin leburori ba domin nishaɗi su ke fara shan tiramol ba. Maganin ciwo ne, yana ɓoye gajiya, har mutum ya yi aikin biyu a yini ɗaya. Idan mun sa direba ya kai kaya Legas ya juyo ba barci, me mu ke tsammani zai haɗiya? Sai mu rage masa nauyin tukuna, kāna mu yi faɗa.

Sa'an nan a kira shi a kaɗaice, kada a gaban abokan aikinsa. A faɗa masa abin da ido ya gani: makara, da rawar hannu, da kuɗin da ya ɓace. A raba shi da mota ko inji ko hawan bene a ranar, gama tiramol mai yawa yakan jefa mutum cikin jijjiga kamar farfaɗiya. A ba shi aikin ƙasa.

Kora tana da sauƙi, amma wanda aka kora da ƙwayarsa ya ke tafiya, iyalinsa kuwa su kwana da yunwa. Kada kuma mu ce ya bari yau yau. Jikin da ya saba yakan yi gumi, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙi zuwa. Shi ya sa likita ya ke janye maganin kaɗan kaɗan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Gidan mari fa ba asibiti ba ne: a 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

Maigida ya yi masa alkawari gaban shaida: aikinsa yana jiransa muddin yana zuwa wurin likita. In ya yarda, a riƙa ba matarsa rabin albashin, ko a auna musu hatsi. In ya koma sha sau ɗaya, a sake kai shi. Hakan yakan faru kafin a warke.