Darasi na Tara: Wasiƙar Ajiye Aiki (Misali Daga Direban Babbar Mota)

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake tsara wasiƙar neman aiki. Wannan darasi kuwa zai dubi kishiyarta, wato wasiƙar ajiye aiki, wadda jama'a suka fi sani da notis. An ɗauki direban babbar mota a matsayin misali ne domin aikinsa amana ce tsantsa: mota ta wani, kaya na wani, tafiya kuma mai nisa. Direban da ya ɗauko hatsi daga Dawanau zuwa Legas, ya yi fushi a Jebba, ya kashe mota ya kama gabansa, ya jawo wa mai mota da mai kaya asara, shi kuma ya zubar da mutuncinsa a tashoshi.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya bayyana wa'adin notis, ya zaɓi lokacin fi'ili da ya dace, ya kuma koyar da rubuta irin wannan wasiƙa.

3.0 Wa'adin Notis

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya (Babi na L1, Dokokin Tarayya na 2004) ya kasa wa'adin gida huɗu, gwargwadon daɗewar ma'aikaci a bakin aiki:

(a) wata 3 ko ƙasa da haka: kwana 1;
(b) fiye da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba: mako 1;
(c) shekara 2 amma bai kai 5 ba: mako 2;
(d) shekara 5 zuwa sama: wata 1.

Notis na mako 1 ko fiye dole ne ya kasance a rubuce, kuma ba a lissafa ranar da aka miƙa shi. Dokar ta kuma yarda a karɓi kuɗi a madadin wa'adin. Ke nan, faɗa wa ubangida da baki a gareji bai wadatar ba.

4.0 Harshen Wasiƙar

Masanin falsafar harshe J. L. Austin, a littafinsa da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai furucin da faɗarsa ita ce aikata shi. Jimlar "Ina sanar da ku zan ajiye aiki" tana cikin wannan rukuni, domin da zarar ta isa hannun mai aiki wa'adi ya ɗauru. Magana zarar bunu ce, saboda haka a kula da waɗannan abubuwa.

Na farko shi ne lokacin fi'ili. Dubi wannan jimla:

Na bar aiki ranar Litinin.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka "na" a nan tana iya zama ta shuɗaɗɗen lokaci (karin sama), wato an riga an bari, tana kuma iya zama ta lokaci mai zuwa na biyu (faɗau), wato ana jin za a bari. A baki ba a rikita su, amma a takarda manaja ba zai san ko ya nemi wani direba yau ba, ko ya jira. Mafita ita ce lokaci mai zuwa na ɗaya: "Zan bar aiki."

Na biyu, a rubuta kwanan wata cikakke. Kalmomi irin su "kwanan nan" da "bayan Salla" ba su yanke wa'adi.

Na uku, a guji habaici da gugar zana. Ko da rashin biyan albashi ne dalili, a faɗe shi a jimla guda cikin ladabi.

5.0 Samfuri

Unguwar Dawanau,
Kano.
3 ga Fabrairu, 2025.

Manajan Sufuri,
(Sunan kamfani),
Kano.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na direban tirela ranar Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025. Na shekara 3 a wannan aiki, don haka na ba da wa'adin mako 2.

Zan kai lodin da ke hannuna Legas, in dawo da mota gareji. A ranar zan miƙa makulli da takardun mota da jak da tamfol da safayar taya ga wanda ka wakilta. Ina roƙon a duba su a gabana, a sa hannu, a kuma biya ni ragowar haƙƙina.

Na gode da amanar da aka ba ni. Allah ya bar zumunci.

Naka mai biyayya,
(Sa hannu)
(Cikakken suna)

A lura da sakin layi na biyu: jera kayan mota shi ne kariyar direba daga zargin da kan biyo bayan rabuwa. Ya kuma riƙe kwafin wasiƙar mai ɗauke da sa hannun wanda ya karɓa.

6.0 Kammalawa

Wasiƙar ajiye aiki gajera ce, amma ita ke tabbatar da rabuwar arziki. Yawancin ɗaliban da za ku koyar za su ci abinci ne a ƙarƙashin wani, kuma wata rana sai sun buƙace ta.

Auna Fahimta

1. Direba ya shekara 6 yana aiki. Nawa ne wa'adinsa?
2. Bayyana harshen damo da ke cikin "Na ajiye aiki ranar Juma'a."
3. Tsara darasin minti 40 a kan wannan wasiƙa ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.