A Rufe Waya Kamar Yadda Ake Rufe Rumfa

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai, a da idan Magariba ta gabato, sai a tattara kaya, a sa wa rumfa kwaɗo, ciniki ya kwana a kasuwa. Yau kuwa kasuwar tana cikin aljihunku. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, waya ce ke kawo farashin gero, da canjin naira da sefa, da labarin motar kaya a bakin iyaka. Amfaninta a fili yake. Sai dai rumfar da ba a rufewa, lafiyar mai ita take ci.

Abin da ya kamata ku sani

Barci: Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare. Hasken waya da zullumin saƙo suna jinkirta barci. Mai saro kaya daga ƙasar Sin ya fi shiga wannan hali, domin ƙarfe 2 na dare a Kano ko Damagaram, ƙarfe 9 na safe ne a can. Ƙarancin barci na tsawon lokaci yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon suga, yana kuma kawo saurin fushi da kuskuren lissafi.

Hanya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke waya yana tuƙi, haɗarin da ke kansa ya ninka kusan sau 4.

Yara: A shekarar 2019 hukumar ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro gaban waya ko talabijin kafin ya kai shekara 2. Daga 2 zuwa 4 kuma, kada kallon ya wuce awa 1 a yini. Yaro a bakin iyayensa yake koyon magana.

Abin da za ku yi

A Faransa, tun 2017 doka ta amince da haƙƙin ma'aikaci na ajiye saƙonnin aiki bayan an tashi. Ɗan kasuwa kuwa shi zai kafa wa kansa doka:

1. Ku tsayar da lokacin rufe ciniki, misali bayan Isha'i, ku sanar da abokan hulɗarku.
2. Ku keɓe lambobin gaggawa kaɗan, ku kashe ƙarar WhatsApp.
3. Ku ajiye waya nesa da shimfiɗa, awa 1 kafin kwanciya.
4. Lokacin cin abinci da hirar iyali, waya ta jira.
5. Kada ku kira direbanku kuna sane yana kan hanya. Ku shirya da shi ya kira idan ya tsaya.

Idan rashin barci, ko ciwon kai, ko faɗuwar gaba suka daɗe, ku je asibiti mafi kusa a auna jininku. Cinikin da ya kwana, gobe ma ana iya ƙulla shi. Lafiya uwar jiki ce.