Sayen Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe Mai Kwamfuta: Abin Da Za A Biya Yanzu Da Abin Da Zai Iya Jira

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman farashin ƙaramin injin CNC daga ƙasar Sin ko Amurka ya san cewa takardar da ake aiko masa kashi biyu ce. A sama akwai kuɗin injin tsurarsa, wanda shi ne ake bugawa a talla. A ƙasa kuma akwai dogon jerin ƙarin kayayyaki, kowanne da farashinsa, waɗanda aka bar wa mai saye ya zaɓa. Ba abin mamaki ba ne idan aka tattara wannan jeri a ga ya kusanci kuɗin injin kansa. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, ko dai su soke komai don neman sauƙi, ko kuwa su ɗauki komai don gudun kada a ce sun gaza.

Shi wannan inji aikinsa sassaƙa ƙarfe ko roba ko katako da haƙori mai juyawa, yayin da kwamfuta ke tafiyar da teburinsa dama da hagu, gaba da baya, da kuma kansa sama da ƙasa, bisa ga zanen da aka ba ta. An fara nuna irinsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, lokacin yana karɓar umarni ne daga takarda mai huda-huda. A yau kamfanoni kamar Haas da Tormach na Amurka da Syil na Sin suna ƙera ƙanana waɗanda shago guda zai ɗauka. Amfaninsa a ƙasar nan a fili yake: mazubin tafin takalmi irin wanda masu sana'a a Aba ke bukata, mazubin kayan roba na masana'antun Legas da Kano, da ƙananan sassan injuna da motoci irin waɗanda aka san Nnewi da su.

Hanya mafi sauƙi ta karanta wancan jeri ita ce mai saye ya tsaya a kan kowane layi ya tambayi kansa: shin wannan abu ana iya ƙara shi bayan injin ya iso, ko kuwa sai a masana'anta? Abin da ba ya ƙaruwa daga baya shi ya cancanci kuɗin farko.

Na farko a wannan rukuni shi ne jikin injin. Haƙori idan ya ci ƙarfe yakan yi ƙoƙarin ture kan injin baya, kuma nauyi da ƙarfin gangar jiki ne kaɗai ke hana shi karkarwa. Injin da aka haɗa da sandunan alminiyam, wanda mutum biyu za su ɗaga, ya dace da katako da roba da rubutu a kan allo, amma idan aka sa masa baƙin ƙarfe sai ya riƙa kuka, haƙora su riƙa karyewa, fuskar aikin ta fito da zane-zane. Mai niyyar aikin baƙin ƙarfe ya nemi jikin ƙarfen zubi mai nauyin ɗaruruwan kilo. Haka nan ya lura cewa girman tebur daban, nisan tafiyarsa daban. Ya auna mafi girman abin da zai riƙa sassaƙawa, ya ƙara wurin da mamatsi zai ci, musamman ta tsaye, domin mamatsi da mariƙin haƙori da haƙorin kansa duk suna rage sararin da ke tsakanin kan injin da tebur.

Sai mazarin inji, wato sandar da ke juya haƙori. A nan masu talla sukan ruɗi mutane da yawan juyi, alhali kowane ƙarfe da gudun da yake so. Lissafin ba shi da wuya. Ana ninka gudun yanka, a mita cikin minti guda, sau 1,000, sannan a raba da kewayen haƙori a milimita. Haƙorin kabaid mai faɗin milimita 6 da ke cin alminiyam a gudun mita 200 yana bukatar juyi kimanin 10,600 a minti. Amma haƙori na gama-gari mai faɗin milimita 10 da ke cin baƙin ƙarfe a gudun mita 30 bai kai juyi 1,000 ba. Mazarin da ke juyi 24,000, irin wanda ake sa wa injunan katako, idan aka rage shi zuwa 1,000 kusan ba shi da sauran ƙarfin murɗawa. Saboda haka mai aikin mazubin alminiyam da ƙananan haƙora ya biya kuɗin mazari mai sauri, shi kuwa mai aikin baƙin ƙarfe ya nemi a nuna masa jadawalin ƙarfin mazarin a ƙaramin gudu. Dillalin da ya kasa kawo wannan jadawali, a yi hattara da shi.

Bakin mazarin ma zaɓi ne da ba ya sauyawa. Akwai R8, akwai BT30 da BT40, kuma duk mariƙan haƙorin da mutum zai saya a shekaru masu zuwa sai sun dace da wanda ya zaɓa. BT30 da BT40 kamfanoni da dama ne ke yin mariƙansu. Bakin da kamfani guda kaɗai ke yi wa mariƙi yana ɗaure mai saye ga wannan kamfani da farashinsa.

Game da abin da ke tura tebur, sukurun da ke gudu a kan ƙwallayen boris ya fi sukuru na gama-gari nesa ba kusa ba, domin shi na gama-garin yana da 'yar rata da ke sa tebur ya yi jinkiri duk lokacin da aka juya akalarsa, sai da'ira ta fito a karkace. Wannan ba wurin tsimi ba ne. Batun motocin da ke juya sukurun kuwa, akwai na sitefa masu araha waɗanda ke ƙirga taki ba tare da sanin ko tebur ya isa ba, akwai kuma na sabo masu sa ido a kan matsayinsu. Na sitefa suna aiki lafiya idan ba a matsa musu ba. Idan kuwa za a bar inji yana aiki sa'o'i a kan ƙarfe mai tsada, ƙarin kuɗin na sabo ba asara ba ne.

Kwamfutar da ke sarrafa injin tana bukatar tunani irin na ɗan kasuwa fiye da na injiniya. Fanuc ta Japan da Siemens ta Jamus suna da tsada, amma an fi samun ma'aikatan da suka saba da su. Mach3 da LinuxCNC suna aiki a kan kwamfutar tebur, ita LinuxCNC ma kyauta ce. Tambayar da ta dace ita ce: ranar da allon ya nuna wata lambar matsala, wa za a kira, kuma a wane gari yake?

Wutar lantarki ita ce inda mai saye a Nijeriya ya bambanta da takwaransa na ƙasar da aka rubuta tallar dominta. Wutar gida a nan bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce mai zagaye 60. Wasu daga cikin ƙananan injunan da aka yi wa kasuwar Amurka suna bukatar taransifoma, kuma famfon ruwansu zai yi gudu ƙasa da yadda aka tsara shi. Wajibi ne a rubuta irin wutar da ake so a cikin takardar oda, a kuma tabbatar ko injin na layi ɗaya ne ko na layi uku, domin ba kowane shago ke da layi uku ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki takan ɓata ƙarfen da aka kwana ana sassaƙawa, hawa da saukarta kuma su ƙona allon lantarki wanda sai an yi odarsa daga waje. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit bisa alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, amma ko sa'o'i 20 ɗin sun cika, sauran huɗun ba sa sallama kafin su zo. Don haka sitabilaiza mai kyau, da batirin da zai riƙe kwamfutar, da janareto mai ƙarfin da ya zarce bukatar injin da rata, da wayar ƙasa da aka binne yadda ya kamata, duk cikin kuɗin injin suke, ko da yake babu ɗayansu a takardar dillali.

Daga nan sai abubuwan da za su iya jira. Mafi tsada a cikinsu ita ce na'urar sauya haƙori da kanta. Amfaninta ya dogara ne ga irin cinikin. A ɗauka ana da odar sassa 200, kowanne yana bukatar haƙora 5, kuma sauya kowane haƙori da hannu yana cin minti guda. Minti 1,000 ke nan, wato sa'o'i 16 da minti 40 na tsayuwar ma'aikaci a gaban inji. Mai irin wannan oda a kai a kai zai mayar da kuɗinsa. Amma mai yin mazubi ɗaya a mako, inda haƙori guda ke shafe sa'o'i yana aiki, ya fi masa kyau ya ɗauki na'urar iska mai sakin mariƙi da taɓa maɓalli, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na waccan ba. Dukkansu biyu dai suna bukatar injin iska da matatar da ke cire ruwa daga iskar, abin da mazauna Legas da Fatakwal ba za su yi wasa da shi ba saboda laima. Abin da za a tabbatar tun yanzu shi ne ko injin zai karɓi na'urar sauya haƙorin daga baya.

Teburi mai juyawa, wanda ake kira kusurwa ta huɗu, da na'urar taɓa ƙarfe don gano gefensa, duk suna iya jira sai aikinsu ya zo. Rumfar da ke rufe injin kuwa, a ganinmu gara a saye ta tun farko, ko a ba masu walda su yi ta a gida. Tana tare ɓarɓashin ƙarfe da ruwan sanyaya haƙori, tana kuma kare hanyoyin tebur daga ƙurar hunturu, wadda idan ta haɗu da mai takan zama tamkar garin wasa wuƙa. Famfon da ke zuba wa injin mai da kansa ba shi da tsada, kuma ba ya mantuwa kamar yaron shago.

Akwai kuma kuɗaɗen da sabon mai saye bai cika tunawa da su ba: mamatsi, mariƙan haƙori, haƙoran kansu waɗanda mai koyo zai karya da dama a watannin farko, kayan awo, da manhajar zane. Fusion ta kamfanin Autodesk ana biyan kuɗinta ne da kuɗin waje lokaci-lokaci, FreeCAD kuwa kyauta ce amma tana bukatar haƙuri. Tun da Babban Banki ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, har dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, duk wani biyan da ke maimaituwa da dala ya zama abin sawa a lissafi. Wanda zai riƙa tafiyar da injin ma, kuɗin horar da shi na cikin jarin.

Tun da kuɗin jirgin ruwa da na fito za a biya su ko ta yaya, kuma sai an buɗe takardar Form M a banki kafin a ɗora kaya, ya fi riba a sa kayan gyara a cikin akwati ɗaya da injin: bel, fiyus, maɓallan da ke tsayar da tebur a iyakarsa, da allon tuƙa mota aƙalla guda. Kafin a biya kason ƙarshe na kuɗin, mai saye ya aika wa masana'antar zanen wani sashe daga cikin aikin da yake yi, ya nemi a sassaƙa shi a kan injin da aka ware masa, da irin ƙarfen da zai riƙa amfani da shi, a aiko masa da hoton bidiyo da sakamakon awo, lambar injin tana fitowa a fili.