Darasin Kiwo: Akuya Mai Shayarwa da Neman Bunsuru

'Yan'uwa manoma, akwai asarar da muke jawo wa kanmu kowace shekara. Akuya ta haifi tagwaye, ta yi wata uku ko huɗu ba ta nemi bunsuru ba, sai mai ita ya ce ta tsaya da haihuwa, ya ja ta kasuwar Bichi ko Ɗambatta. Sau da yawa wadda aka sayar ɗin ita ce ta fi nono a gidan.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar dabba akwai wani ɗan ƙullutu mai zuba sinadarai cikin jini. Masana suna kiransu homon, mu kuwa sai mu ce 'yan aike ne. Ɗaya, wato furolaktin, shi ke taimakon hantsa ta yi nono. Wani kuma, da ake kira LH, shi ke zuwa wurin ƙwan haihuwa ya sa ya nuna ya fito. In ƙwai bai nuna ba, akuya ba ta neman bunsuru.

To, duk sa'ad da 'ya'ya suka kama nono, saƙo yakan tafi ƙwaƙwalwa, sai fitar LH ta ragu. Tagwaye sun fi ɗa guda tsotso, saboda haka uwarsu ta fi jinkiri. Yunwa kuma tana yin wannan aiki, har ma ta fi. Akuyar da ta haihu cikin Maris ko Afrilu, lokacin da harawa ta ƙare, gonaki sun zama fili, daga naman jikinta take yin nono. Jikin da ke ramewa ba ya shirin ɗaukar wani ciki. Ni a ganina wannan tanadi ne na Mahalicci domin kada uwa ta ƙare, ba cuta ba ce.

Mu yi lissafi. Cikin akuya wata 5 ne, kwana 150 ke nan ko kusa. In aka yi mata barbara wata 3 bayan haihuwa, za ta riƙa haihuwa kowane wata 8, wato sau 3 cikin shekara 2. Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maradi tana iya yin haka, gama ba ta da wani lokaci na musamman a shekara kamar awakin ƙasashen sanyi. Amma sai da ci. Tun da kaka a ware harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa domin masu shayarwa kaɗai. A ƙara musu dusa, da kowar wake, da 'ya'yan gawo, da ɗan gishiri, da ruwa safe da yamma. 'Ya'yan kuwa a yaye su suna wata 3, in sun iya cin ciyawa sosai.

Kada kuma a yi garaje. Akuya mai ƙiba takan nemi bunsuru da wuri, wani lokaci kafin wata 2. Gara a bar wannan ya wuce, gama bayan kwana 21 zai komo.

Ɗaurin damina shi ne ya fi ɓata mana lissafi. A ƙasarmu gona na jikin gona, tilas a ɗaure dabba daga shuka har girbi. Neman bunsuru kuwa kwana ɗaya ne zuwa biyu. Akuya na turke tana kuka, tana kaɗa wutsiya, gabanta ya kumbura yana zubar da farin majina, amma bunsurun gidan an riga an sayar da shi. Mata ne suka fi lura da waɗannan alamu, tun da yawancin awakin nasu ne, don haka a karanta musu wannan darasi a taron zumunta.

Kowace ƙungiya ta ajiye bunsuru guda mai kyau, a canja shi kafin ya fara hawan 'ya'yansa. A ware shi daga masu shayarwa kamar wata ɗaya, sa'an nan a kawo shi lokacin yaye. Warinsa kaɗai yakan ta da LH, har awaki da dama su nema cikin 'yan kwanaki. Magatakarda ya rubuta ranar haihuwa, da ta yaye, da ta barbara. Wadda ta wuce wata 2 bayan yaye, tana da jiki, ga bunsuru, amma shiru, ita ce za a kai wa malamin dabbobi ya duba kafin a yi maganar kasuwa.