Darasi: Leda a gona da cikin tumbin bisashe

Darasinmu na yau a kan leda ne, baƙar ledar nan da ake ƙulla muna gishiri, ko mai, ko ƙosai ranar kasuwa.

Mi ya sa muke maganarta? Kara yana ruɓewa, ganye yana ruɓewa, kashin shanu yana zama taki. Leda kuwa ba ta ruɓewa. Rana tana kakkarya ta, amma gutsattsarin suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru.

Ɓarnarta ta farko ga bisashe take. Da rani, in ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya da saniya suna kiwo a kan juji. Suna jin ƙanshin gishiri ko mai a jikin leda, sai su haɗiye ta. Tumbi ba ya narkar da ita. Tana taruwa, tana dunƙulewa, har ta cika wurin abinci. Bisa ta rage ci, ta rame, nono ya ragu, cikinta kuwa ga shi ƙato. Na taɓa tsayawa wurin mahauta aka fasa tumbin wata tunkiya, aka fitar da dunƙulen leda kamar kan yaro. Mai ita ya yi wata biyu yana sayen maganin tsutsa a banza.

Ɓarna ta biyu a gona. In mun kwashi juji da amalanke mun kai gona, leda tana biye da shi. Inda ta kwanta, ruwan sama ba ya shiga ƙasa sosai, saiwar hatsi kuma ba ta samun hanya.

Ta uku cikin gari. Da damana tana toshe magudanar ruwa. Ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, zazzaɓi ya kama yara.

A shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta yi doka wadda ta hana yin irin wannan leda marar kauri, da shigowa da ita, da saida ta. Amma doka ba za ta share muna ƙofar gida ba. Ga abin da za mu yi:

1. In za a kasuwa, a ɗauki kwando, ko ƙwarya, ko jakar kaba. Mai sayen mai ko fura ya tafi da kwanonsa.
2. A tsince leda daga juji kafin a kai shi gona.
3. Kada a ƙona ta, kada a hura wutar girki da ita. Hayaƙinta guba ne ga ƙirji. A tara ta, a binne cikin rami mai zurfi, nesa da rijiya da gona.
4. A tanadi harawa da dusa, a ba bisashe gishiri ko kanwa, a hana su kiwon juji.
5. Bisar da ke ramewa ba dalili, a kai ta ga malamin dabbobi.

Ku da kuka gama karatun yaƙi da jahilci, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba, a dandali da wurin matan gida. Yara su ne ƴan aike, su ma a koya musu.

Tambayoyi:
Mi ke sa akuya cin leda?
Don mi ba a ƙona ta?
A garinku, wace rana za ku tsaida don tsintar leda?