Yadda Mutum-mutumi Ke Yin Dako a Sito na Amazon

A da, in oda ta shigo babban sito na kamfanin Amazon, ma'aikaci ne zai tura amalanke ya bi lungu-lungu yana neman kayan, ya wuni yana tafiyar da ta haura kilomita goma. A 2012 kamfanin ya sayi kamfanin ƙera mutum-mutumi na Kiva Systems da ke jihar Massachusetts ta Amurka kan dala miliyan 775, sai tsarin ya juya. Yanzu mutum ke tsayawa wuri ɗaya, kanta ta zo ta same shi. A 2025 kamfanin ya ce mutum-mutuminsa sun kai miliyan ɗaya.

Aikin daga ƙasa yake farawa. Ana kewaye wani makeken fili da shinge, a manna ƙananan lambobi masu zane a daɓensa, jere-jere kamar gidajen dara. Shi mutum-mutumin ba siffar mutum gare shi ba, wani faffaɗan abu ne mai tayoyi da ke rarrafe kamar kunkuru. Kyamarar da ke ƙarƙashinsa tana karanta lambobin daɓe don ya san inda yake, ta samansa kuma tana karanta lambar kantar da zai ɗauka.

Sai jera kaya. Kowace kanta cike take da ƙananan aljihuna, an tare bakinsu da roba don kada kaya su zubo. Mai jerawa zai ɗauki kaya, ya haska lambarsa da na'ura, ya cusa shi duk inda ya ga sarari. Za ka iske man goge baki kusa da littafi, cajar waya kusa da safar jariri. Mai kallo zai ce hargitsi ne, amma da gangan ake yi. Kwamfuta ta riƙe wurin kowane abu, kuma tunda an warwatsa kaya iri ɗaya a kantoci da yawa, ba a rasa ɗaya a kusa duk sanda aka nema.

Da mai saye ya danna oda, kwamfuta za ta zaɓi kantar da ta fi dacewa, ta tura mutum-mutumi. Zai shige ƙarƙashinta, ya ɗaga ta kaɗan daga ƙasa, ya kama hanya. Samfurin da ake kira Hercules yana ɗaukar kilo kusan 570, wato nauyin buhun siminti 11. A miƙe yake tafiya, in zai karya kwana ya juya a inda yake tsaye. Ɗaruruwansu ke kai da kawowa a fili guda, kwamfutar ce ke ba kowa hannu kamar ɗan sanda a mararraba.

A bakin shinge kantoci ke yin layi gaban mai tsamo kaya. Allo zai nuna masa hoton abin da ake so, fitila ta haska aljihun da yake ciki. Ya zaro, ya haska lamba, ya jefa a kwando. Kafin ya waiwayo wata kantar ta iso. Kwandon kuma ya hau bel zuwa wurin masu sa kaya a kwali, a auna nauyi, a manna adireshi, sai mota.

In batir ya yi ƙasa, mutum-mutumin da kansa yake zuwa wurin caji. In wani abu ya faɗo ya tare hanya, ma'aikaci na musamman ne ke shiga filin, sanye da rigar da ke aika sigina, duk mutum-mutumin da ya matso kusa da shi ya rage gudu ko ya tsaya.

Ƙafa dai ta huta da yawo, amma hannu bai huta ba. Mai tsamo kaya yana tsaye awa da awanni, ya miƙa, ya duƙa, ya maimaita abu ɗaya sau ɗaruruwa cikin awa guda, da saurin da na'ura ta yanka masa. Nan ne injiniyoyi suka karkata yanzu. A 2022 kamfanin ya nuna Sparrow, hannun ƙarfe mai zuƙar kaya da iska, a 2025 kuma Vulcan, wanda ke jin abin da ya taɓa. Ɗaga rabin tan ya daɗe da zama ruwan sha a wurin inji. Zaro kwalbar turare daga tsakanin safa da littafi ba tare da ta fashe ba, wannan har yanzu yatsun mutum ne suka fi iyawa.