DARASIN KIWON LAFIYA: IDAN KAYAN MAKARANTA SUNA SA YARO ƘAIƘAYI

'Yan'uwa manoma, maza da mata, idan ganyen masara ya yi rawaya, manomin kirki yakan tsaya ya duba ko taki ne ya gaza ko ruwa ne ya kwanta, kafin ya kashe kuɗinsa. Haka ya kamata mu yi da fatar yaranmu. Yaron da ke susa a aji ba ya jin karatu, da dare kuma ba ya barci. In ya yi ta susa da farce mai datti, ƙurji yakan zama gyambo. Wani lokaci ma a kore shi gida don ana zaton ƙazuwa ce, alhali kuwa rigar ce kawai.

1. A fara duba wurin da ƙurajen suke

A tuɓe wa yaro riga da rana, a duba shi sosai. Idan tufafi ne, ƙurajen sukan bi inda yadi ke goga ko matse jiki: wuya wajen kwala, hammata, ƙugu inda robar wando take, da matsematsi. Ƙuraje a ƙarƙashin cibiya kaɗai sau da yawa kan bel na ƙarfe ke kawo su. Wata alama kuma, abin yakan lafa lokacin hutu, ya dawo idan an koma makaranta.

Ƙazuwa dabam take. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake shiga fata. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana fitowa a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ɗuwawu, kuma za ka tarar wasu a gidan su ma suna susa. Makero kuwa yakan yi zobe, gefensa a tashe. Waɗannan biyu canja riga ba ya warkar da su, sai magani.

2. Abubuwan da ke kawo ƙaiƙayi daga tufafi

Sabon yadi. Yakan fito daga masaƙa da sitaci da ragowar rini da magungunan hana yamutsewa. Gumi ya jiƙa su, su sauka a kan fata.

Yadi mai roba. Yawancin yadin yunifom na yanzu foliyesta ne, ko gauraye da auduga. Yana da araha, yana da ƙarko, amma ba ya shan gumi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, gumi yakan toshe ƙofofin fata, sai ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero su feso a wuya da ƙirji da baya. Su ne ƙurajen zafi.

Ragowar sabulu. Inda ruwa ke da wuya, akan ɗauraye wanki sau ɗaya a shanya. Omo da sabulun soda da suka bushe a cikin yadi suna cin fata.

Riga ɗaya tak. Yaron da ke sa riga guda daga Litinin zuwa Jumma'a yana ɗauke da gumi da ƙurar kwana biyar. In kuma an wanke da dare, yakan sa ta da danshi da safe.

Abubuwan gona. Wannan namu ne musamman. Ƙaiƙayin gero da dawa daga masussuka yana maƙalewa a rigar da aka shanya kusa. Haka gashin ƙarara idan an shanya a kan shinge. Mafi haɗari duka shi ne wanke kayan yara tare da kayan da aka yi feshi da su, ko a cikin bokitin da aka dama maganin ƙwari.

3. Abin da za a yi a gida

a) A wanke sabon yunifom sau 2 kafin yaro ya sa shi.
b) A rage omo, a ɗauraye har ruwan ya daina kumfa. A bar sa sitaci da bula sai fatar ta warke.
c) A shanya a kan igiya cikin rana. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a tufafin da aka shimfiɗa a ƙasa, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi, ciki da waje, tana kashe ƙwan.
d) A sa wa yaro singileti na auduga a ciki. A yanke ɗan ƙyallen da ke bayan kwala, a sassauta robar wando.
e) Da ya dawo gida ya tuɓe, ya yi wanka da sabulu marar ƙarfi. Kada a dirje ƙurajen da soso.
f) A ƙurajen zafi a shafa kalamin, kada a lafta mai. Amma da hunturu, idan fata ta bushe ta yi fari, man kaɗanya ko basilin bayan wanka shi ne daidai.
g) A yanke masa farce.

Kada a shafa wa yaro baƙin mai, ko kananzir, ko maganin feshi. Kada kuma a sayi man bilicin ko man da ake cewa yana maganin kowace cutar fata. Da yawansu suna kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, su sa makero ya ƙara yaɗuwa, su kuma sa fata ta yi laushi har ta riƙa tsagewa.

4. Lokacin zuwa asibiti

A kai yaro ɗakin shan magani idan an yi mako guda ba sauƙi, ko ƙurajen sun yi mugunya, ko akwai zazzaɓi. Idan fuskarsa ta kumbura, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a tafi a ranar, domin gyambon fata yana iya taɓa ƙoda.

In malamin asibiti ya ce ƙazuwa ce, dukan mutanen gida za su shafa magani rana ɗaya. A wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda har mako guda, gama ƙwaron ba ya wuce kwana 2 ko 3 da rai in ya rabu da jikin mutum.

5. Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki, haka za mu iya sayen bandir na yadi mai yawan auduga bayan kaka, mu ba tela ɗaya ya ɗinka wa kowane yaro biyu, da ɗan yalwa. A taron iyaye da malamai kuma, wakilinmu ya roƙi hedimasta ya yarda yaro mai ƙuraje ya sa rigar gida har ya warke.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne a gidajen 'yan ƙungiyarmu ke da yunifom ɗaya kawai?
2. A ina muke wanke kayan feshi, kuma da wane bokiti?
3. Ta yaya za ka bambanta ƙazuwa da ƙurajen zafi?
4. Wa za mu wakilta ya tambayo kuɗin yadi kafin taro na gaba?